Kama da wane ba ta wane: dasa kolektar turbo tsakanin injuna ƴan gida ɗaya

Duk wanda ya saba zaman garaji, a Yamai ne ko Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ya san yadda maganar ke farawa. Mai mota ya zo da kukan cewa motarsa ba ta da ƙarfi: in ta ɗauki kaya ta tunkari tuddan Adar sai ta riƙa nishi tana zubar da baƙin hayaƙi, in ta shiga rairayi sai ta zauna. Ana cikin haka wani daga cikin mazauna benci ya ce ai maganin abin turbo ne, kuma ya san inda ake samunsa da araha. Bayan kwana biyu sai ga kaya an kawo cikin buhu: wani baƙin ƙarfe mai rassa, da abin nan mai kama da dodon-koɗi manne a jikinsa, an ciro su daga wani inji ɗan'uwan wanda ke cikin motar. Maigidan garaji ya kara ƙarfen a jikin inji, ramuka suka hau ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, yara masu koyo suka ce ya shiga. Alhaji ya sa hannu aljihu.

To, a nan ne muke roƙon mai karatu ya dakata. Shigar ƙarfe bisa ƙusoshi ita ce tambaya ta farko, kuma ita ce mafi sauƙi cikin tambayoyin da wannan aiki ke ɗauke da su. Bayanta akwai maganar wuri, da ta man inji, da ta gazuwal, da ta zafi. Wanda ya tsaya ga ta farko ya manta da sauran yana iya jin daɗin motarsa wata biyu ko uku, daga nan ya wayi gari da narkakken piston a tsakiyar daji, da fasinja, da kayan mutane, da bashin da bai gama biya ba.

Aikin kolektar da aikin turbo

Inji mai gazuwal iska yake shaƙa, ya matse ta cikin silinda har ta yi zafi, sa'an nan a fesa mata gazuwal ya kama wuta da kansa. Abin da ya ƙone yana fita ta ƙofofin da ke gefen kan inji, watau kilas, kowace silinda da tata ƙofa. Ƙarfen da ke tattara hayaƙin waɗannan ƙofofi ya haɗa shi wuri guda shi ne Faransawa ke kira collecteur d'échappement, makanikanmu suka taƙaita suka ce kolektar. A injin da ba shi da turbo aikinsa ke nan kawai: ya tara hayaƙi ya miƙa wa bututun da ke bi ta ƙarƙashin mota zuwa baya.

A injin turbo kuwa an ɗora masa nauyi biyu: shi ke ɗauke da turbo ɗin a jikinsa, shi ne kuma ke kai masa hayaƙi da zafinsa da ƙarfinsa. Turbo farfela biyu ne bisa sanda ɗaya. Hayaƙi ya juya ta farko, ta farko ta juya ta biyu, ta biyu kuma ta cusa iska cikin inji, kamar yadda zugazugi ke hura wutar maƙeri. Juyawar sandar tana wuce sau dubu 100 a minti ɗaya. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a shekara ta 1905. An daɗe ana amfani da ita a manyan injuna kafin ta iso ƙananan motoci masu gazuwal, da Mercedes 300 SD a 1978 da Peugeot 604 a 1979.

Abu ɗaya ya kamata a riƙe tun yanzu, domin za mu komo kansa: turbo iska kawai yake ƙarawa. Ƙarfi yana zuwa ne daga ƙarin gazuwal da wannan iska ke ba da damar ƙonawa, kuma duk ƙarin ƙonawa ƙarin zafi ne da ƙarin bugu bisa piston.

Dalilin da ya sa suke kama

Kamfanin ƙera motoci ba ya zana sabon inji ga kowace mota, domin kuɗin da za a kashe ya yi yawa. Zane ɗaya yake yi, ya riƙa fitar da ƴaƴa daga cikinsa shekara da shekaru: wannan a faɗaɗa masa silinda, wancan a sa masa turbo, wani a sake masa fanfon gazuwal. Tun da tazarar da ke tsakanin silinda da silinda ba ta canja ba, sau da yawa ƙofofin hayaƙi da ƙusoshin da ke kewaye da su suna zama wuri ɗaya. Shi ya sa kolektar wannan ke hawa jikin wancan.

Makanikanmu sun daɗe da gano haka, kuma larura ce ta koya musu. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, farashin sababbin kayan mota ya ninka dare ɗaya. Jama'a suka ƙara raja'a ga tsofaffin motoci da kayan gyara na hannu da ake saukewa a tashoshin ruwan Kwatano da Lome, da waɗanda ake samowa a Ƙofar Ruwa ta Kano, da abin da ake tsinta a Katako ta Yamai. Rufe iyakar Gaya a shekara ta 2023 ya tsawaita hanyar kaya, ya ƙara musu tsada. Cikin irin wannan hali, makanikin da ya san wane ƙarfe ke shiga wane inji ya ceci motoci masu yawa daga zama turken awaki, kuma ya cancanci yabo. Sai dai dasa turbo ya bambanta da canja fitila ko ƙofa, domin yana taɓa rayuwar injin gaba ɗaya.

Gidaje uku da muka sani

Gida na farko shi ne na Land Cruiser, motar da ke ratsa Tenere zuwa Dirku da Bilma, wadda ƴan kasuwa da ƙungiyoyin agaji da masu neman zinariya ke dogara gare ta. Wajen shekara ta 1990 Toyota ta fito da injuna biyu masu silinda 6, duka lita 4,2: 1HZ marar turbo, mai ƙarfin dawaki kimanin 130, da 1HD-T mai turbo, mai dawaki kimanin 165. Faɗin silinda milimita 94 ne a dukansu, hawa da saukar piston milimita 100, supap 12. Kolektar 1HD-T, tare da turbonsa CT26, yana hawa jikin 1HZ, kuma a ƙasashe irin su Ostareliya an daɗe ana wannan dashe. Amma cikinsu ba ɗaya ba ne. A 1HD-T ana fesa gazuwal kai tsaye cikin wani rami da ke kan piston. A 1HZ kuwa sai ya fara ƙonewa cikin wani ɗan zaure da ke cikin kilas kafin wutar ta faɗa silinda. 1HZ yana matse iska fiye da sau 22, 1HD-T kimanin sau 18 da rabi, kuma an ƙarfafa piston ɗinsa domin ɗaukar bugun turbo. A 1995 aka fito da 1HD-FT mai supap 24, da kilas na dabam. Wanda aka kawo masa kolektar wannan kada ya ɗauka ɗaya ne da na magabacinsa, sai ya auna.

Gida na biyu shi ne na Hilux da Hiace, motocin da suka cika tashoshinmu. Injunansu na dangin L ne: 2L mai lita 2,4, da 3L mai lita 2,8, da 5L mai lita 3. A cikinsu 2L ne aka yi wa turbo a masana'anta, aka kira shi 2L-T, daga baya 2L-TE, da turbo CT20. 3L da 5L kuwa haka Toyota ta fitar da su ba turbo. Masu dashe sukan ɗauki kolektar 2L-T na baya-bayan nan su ɗora wa 3L ko 5L. Sai dai a ƙarshen shekarun 1980 an sake tsarin kilas na wannan dangi, saboda haka sunan 2L-T kaɗai bai isa shaida ba, tilas a san na wane zamani ne. A tuna kuma cewa 2L-T kansa, wanda aka gina domin turbo, ya yi suna wajen tsagewar kilas idan ya sha zafi. Akwai wani tarko kuma: injin 1KZ, wanda shi ma lita 3 ne kuma ana samunsa cikin Hilux da Prado, ba ɗan wannan gida ba ne. Kama ce ta girma kawai, jini ba ɗaya ba.

Gida na uku na Faransa ne, watau XUD na Peugeot da Citroën, wanda ya fito a 1982 ya shiga motoci irin su 205, 305, 309, 405, 306, BX, ZX da Xantia. Akwai XUD7 mai lita 1,8 da XUD9 mai lita 1,9, kowanne da mai turbo da marar turbo. XUD9 marar turbo yana ba da dawaki kimanin 70, mai turbo kimanin 90. A nan ma kolektar na hawa tsakanin masu supap 8, amma masu turbo an rage musu matsin iska, an kuma sa musu ƴan bututu masu fesa man inji ƙarƙashin piston don sanyaya shi, abin da galibin marasa turbo ba su da shi. XUD11 mai lita 2,1 supap 12 gare shi, kilas ɗinsa dabam ne. Injunan HDi da suka biyo baya daga 1998 wata duniya ce: kwamfuta ke sarrafa gazuwal ɗinsu, ba a haɗa lissafinsu da na XUD.

A auna kafin a biya

Awo na farko ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. A sami juwan na kolektar injin da za a yi wa aiki, watau shimfiɗar da ake sawa tsakanin kolektar da kilas, a ɗora ta bisa fuskar kolektar da ake son saye. Ramukan ƙusoshi su dace duka, ba mafi yawansu ba. Sa'an nan a dubi bakin ƙofofin hayaƙi: idan na kilas ya fi na kolektar faɗi, ko siffarsu ta bambanta, hayaƙi zai riƙa karo da gefen ƙarfe, wurin ya yi zafi fiye da kima, juwan ta ƙone. Kolektar da sai an faɗaɗa ramukansa da zarto kafin ya shiga, ya riga ya gaya maka cewa ba na nan ba ne.

Na biyu, a dubi lafiyar ƙarfen kansa. Kolektar ƙarfen zubi ne, ya yi shekaru yana zafi yana sanyi. A wanke shi, a duba tsakanin rassa da kewayen mazaunin turbo, nan ne tsaga ke ɓuya, kuma baƙin layin toka shi ke tona ta. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe bisa fuskarsa a ga ko haske na wucewa ta ƙarƙashi. In ya karkace, a kai shi wurin masu gyaran fuskar kilas a daidaita. Waldar ƙarfen zubi sana'a ce ta musamman: sai an dumama shi tukuna, a yi amfani da sandar walda mai nikel, a bar shi ya huce a hankali. Wadda aka yi da gaggawa a bakin hanya takan sake tsagewa daf da ɗinkin.

Na uku, mazaunin turbo. Kowane irin turbo da siffar gindinsa, wani ƙusa uku, wani huɗu, wani baki ɗaya, wani a rabe. Shi ya sa ya fi kyau a sayi kolektar da turbonsa tare, haɗe da bututun mai da gwiwar da hayaƙi ke fita, da ƙarfen da ke tallafe nauyinsu. Wasu kolektocin na baya-bayan nan suna da ƙarin rami na mayar da wani kashi na hayaƙi cikin inji. Idan injin da za a ɗora wa ba shi da wannan tsari, sai an toshe ramin da farantin ƙarfe mai kauri.

Na huɗu, wuri. Inji ɗaya ne, amma ɗakin da yake zaune ya bambanta daga mota zuwa mota. Kayan da aka ciro daga motar da sitiyarinta ke dama, irin na Japan ko Ingila, suna iya cin karo da sandar sitiyari ko tukunyar man birki a motocinmu masu sitiyari a hagu. A XUD turbo yana bayan inji ne, a matse tsakaninsa da bangon da ya raba shi da direba. A Hiace inji yana ƙarƙashin kujerun gaba, mutane na zaune bisa kansa. Duk robar ruwa, ko wayar lantarki, ko bututun birki da ya kusanci turbo sai an janye shi ko a yi masa garkuwar ƙarfe. Turbo mai aiki bisa tudu yana iya yin ja kamar garwashi, kuma ɗigon mai a kansa gobara ce.

Ɗauri

Ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi. Kolektar injin silinda 6, mai tsawon fiye da rabin mita, yana ƙara tsawo da kimanin milimita 3 tsakanin sanyin asuba da zafin aiki, alhali kilas da ruwa ke sanyayawa ba ya miƙewa haka. Saboda wannan ne maƙera suka bar ramukan gefe da ɗan yalwa, don ƙarfen ya sami wurin motsi. Wanda ya ɗaure noti da dogon bututu har ƙarfinsa ya ƙare ya hana wannan motsi, kuma ɗayan biyu zai faru: ko ƙusa ta karye cikin kilas, ko kolektar ya tsage.

Ƙa'idar ita ce a sa sababbin ƙusoshi masu zare, waɗanda makanikai ke kira gujon, da sababbin noti masu jure zafi, da sabuwar juwan irin ta injin turbo. A fara ɗauri daga tsakiya a yi gefe da gefe, a zagaya sau biyu ko uku, da makullin nan mai auna ƙarfin ɗauri, bisa adadin da littafin injin ya faɗa. Tsofaffin ƙusoshi kuwa a jiƙa su da man sassauta tsatsa tun jiya, a ɗan dumama su kafin a murɗa. A ƙara hattara da XUD, domin kilas ɗinsa na alminiyom ne, zarensa ba ya jure ganganci kamar na Toyota 1HZ ko dangin L, masu kilas na ƙarfen zubi. Bayan inji ya yi zafi ya huce sau kaɗan, a komo a sake duba ɗaurin.

Man inji shi ne ran turbo

Sandar turbo bisa man inji take yawo, ba ta taɓa ƙarfe muddin mai na zuwa. Saboda haka yana bukatar hanya biyu: siririn bututu mai kawo mai da ƙarfi daga jikin inji, da babban bututu mai mayar da shi cikin kartar, watau kaskon mai da ke ƙasa. Injin da aka haifa da turbo yana da ramukan nan tun daga masana'anta. A ɗan'uwansa marar turbo, wani lokaci akwai gurbinsu a toshe, wani lokaci sai an huda.

A hanyar komawa ce aka fi yin kuskure. Babu abin da ke tura man nan sai nauyinsa, don haka tilas bututun ya zama mai faɗi, ya gangara sosai ba lanƙwasa, ya kuma shiga kartar sama da inda mai ke tsayawa. In ya toshe ko ya kwanta, mai zai taru cikin turbo ya ɓulle ta wajen hayaƙi, mota ta riƙa shuɗin hayaƙi, ko ya ɓulle ta wajen iska ya shiga silinda. Na biyun ya fi haɗari: injin gazuwal yana iya ƙona man nan kamar abincinsa, ya yi ta ƙara gudu ko an zare makulli, har ya farfashe. Idan kuma za a huda kartar, a kwance shi a yi aikin a ƙasa, a wanke shi sarai. Ɓarɓashin ƙarfe ɗaya ya isa ya kashe turbo. Kafin tayar da inji karo na farko, a zuba mai cikin turbo da hannu a juya sandar.

Abin da ido ba ya gani

Yanzu mu komo ga abin da muka ce a riƙe. Idan aka sa turbo aka bar fanfon gazuwal yadda yake, motar za ta rage baƙin hayaƙi, ta ɗan ƙara kuzari, kuma zafin hayaƙinta ma yakan sauka, domin a injin gazuwal yawan iska sanyaya wuta yake yi. Amma mai mota da ya kashe kuɗi yana son ya ji bambanci a ƙafarsa. Sai a je ga ƙusar nan da ke jikin fanfo, wadda masana'anta ta rufe da hatimi, a murɗa ta a buɗe gazuwal. Motar ta tashi kamar doki, kowa ya yaba. Daga ranar ne ake fara cin bashin da piston zai biya.

Fanfon injin turbo na asali yana da wata ƴar tukunya a kansa, da bututu daga hanyar iska, wadda ke ƙara gazuwal gwargwadon iskar da turbo ya tura. Fanfon marar turbo bai san da wannan ba. In an buɗe shi, zai zuba gazuwal tun turbo bai fara hurawa ba. Baƙin hayaƙin da ke biyo baya gazuwal ne da bai ƙone sarai ba, kuma alama ce ta wuta mai zafin da ya wuce kima. Alminiyom, wanda da shi ake yin piston, yana narkewa wajen digiri 660. Abin da ke cetonsa cikin inji shi ne man da ke sanyaya shi da sabuwar iskar da ke shigowa. Ƙwararru da yawa ba su yarda zafin hayaƙi, idan an auna shi kafin turbo, ya daɗe sama da digiri 650 zuwa 700. Agogon ruwa da ke gaban direba ba ya ganin wannan da wuri. Kafin allurarsa ta motsa, ɓarna ta yi nisa. A injuna masu ɗan zaure cikin kilas, irin su 1HZ, da dangin L, da XUD, kilas ɗin na shan zafi ƙwarai, kuma nan ne tsaga ke farawa.

Don haka masu yin wannan aiki da hankali suke tsayawa ga iska kaɗan, kimanin rabin bar, su tabbatar ƙofar nan mai rage wa turbo hayaƙi tana buɗewa, su sa agogo biyu gaban direba, na ƙarfin iska da na zafin hayaƙi, su kai fanfo da anjektar wurin masu gwada su bisa inji. Injin da ya riga ya gaji, mai shan mai, mai huci ta murfi, ba a sa masa turbo. Gyara yake bukata.

Zafinmu da ƙurarmu

Lissafin da aka yi a Turai ko Japan sai an yi masa ragi a nan. A watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a yawancin garuruwanmu, wani lokaci ya kai 45. Iska mai digiri 45 ta fi mai digiri 20 sauƙi da kimanin kashi 8 cikin 100, ga shi kuma turbo na ƙara mata zafi wajen matse ta. Shi ya sa ƙaramin radiyatar nan mai sanyaya iska kafin ta shiga inji yake da amfani a wurinmu fiye da can. Babban radiyatar na ruwa da fankarsa su ma tilas su kasance cikin ƙoshin lafiya kafin a fara maganar turbo. Ga kuma lodi: motar da aka ƙera don mutum 15 ba a cika barinta da 15 ba, kuma hanyar Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ce.

Ƙura ita ce abokiyar gaba ta biyu. Farfelar da ke juyawa sau dubu 100 a minti, ƙwayar rairayi na cin bakinta kamar zarto. Filtar iska mai huji, ko roba mai tsaga tsakanin filtar da turbo, sun isa su gama da shi cikin hunturu ɗaya. Direba kuma sai ya sake hali: ya bar inji ya ɗan dumama kafin ya taka, ya bar shi yana aiki minti biyu ko uku bayan doguwar tafiya kafin ya kashe, domin man da ya tsaya cikin turbo mai zafi yana soyuwa ya zama gawayi. Canjin man inji ya riƙa zuwa da wuri, da mai na kirki.

Lissafin mai mota

Kafin Alhaji ya sa hannu aljihu, ya zauna da makanikinsa su rubuta komi: kolektar da turbo, bututun mai da na iska, gyaran bututun hayaƙi, ƙusoshi da juwan, aikin fanfo, agogo biyu, radiyatar, da kuɗin hannu. Sa'an nan su kwatanta jimillar da kuɗin cikakken injin turbo na hannu, wanda ya zo da piston ɗinsa da fanfonsa da hanyoyin mansa tun daga masana'anta. Sau da yawa tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Ya kuma tambayi kansa dalilin da ya sa masu ratsa hamada suka daɗe suna riƙe da 1HZ marar turbo duk da nawarsa: a wurin da rijiya ke da nisan yini guda, injin da ke isa ya fi injin da ke gudu.

Ba mu ce kada a yi ba. Dashe ne da ke yiwuwa, an yi shi ya yi kyau, a hannun waɗanda suka auna, suka haƙura da ƙarfi kaɗan, suka sa ido bisa zafi. Roƙonmu ga iyayen gidan garaji shi ne su gaya wa mai mota gaskiya tun kafin a kwance noti na farko, ko da gaskiyar za ta hana su aikin ranar, su kuma koya wa yaransu cewa kalmar «ya shiga» farkon bincike ce. Masu motoci kuma su daina auna gwanintar makaniki da yawan hayaƙin da mota ke tayarwa. Hausawa sun ce garin neman gira akan rasa ido. Allah ya kiyaye hanya, ya sa wa sana'a albarka.